Ni Ne "Kafin" A Allon Maganin Ƙiba

Assalamu alaikum Gwaggo Luba.

Don Allah ki taimake ni da shawara tun ban aikata abin da zai sa a ji sunana a rediyo ba. Sau uku ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa, wannan ce ta huɗu, kuma na yi wa kaina alkawari ko yaya ta fito zan turo. Roƙona ɗaya, kada ki sa sunana. Ko da yake in mutumin Jibiya ne ya karanta, ɓoye sunan ba shi da wani amfani, don yanzu ko awakin Magama sun san fuskata.

Shekarata ashirin da shida. Ina da difloma, tana can ƙasan akwatin Inna tare da zannuwan da ba ta ɗaurawa. Ina zaune a shagon yayana Mahmudu a Magama, dab da shingen boda, muna fotokwafi da liƙe takardu da leda da cajin waya. Duk wanda zai tsallaka Maraɗi ya tuna katinsa na buƙatar kwafi, mu ne gatansa. Allah Ya yi ni dogo, irin tsawon da sai na sunkuya nake shiga shago, ga ni kuma siriri. Tun firamare Falwaya ake kirana. Ban taɓa sanin tsawo na da kasuwa ba sai da na fara ganin samari a waya sanye da shadda, suna takawa a kan dandamali fuska a murtuke kamar an ci masu gado, mutane na tafi. Na dube su, na dubi kaina a gilashin injin fotokwafi, na ga ba abin da suka fi ni sai takalmi. Daga ranar na ƙudurta zan zama mai tallan tufafi, abin da ake kira modal.

Na bincika, aka ce abu na farko shi ne kundin hotuna da za ka riƙa nuna wa masu ɗinki. To Gwaggo, ba a bar ni a baya ba. Na ari babbar rigar Sallar Yaya Mahmudu. Na ari kayan angwancin abokaina biyu, ɗaya tun amarya ba ta tare ba. Na yi hoto a bakin dam, na yi a jikin tirelar da ta lalace, na yi a gonar gero a hanyar Daddara ina kallon nesa kamar mai jiran ruwan sama. Na taɓa tsayawa kusa da shinge ina gyara hula, wani jami'i ya karɓe wayar ya ce me nake ɗauka. Da ya ga hotunan sai ya miƙo mani ita ya ce in je, Allah Ya sawwaƙe. Cikin shekara guda na tara hotuna sun fi ɗari huɗu. Mabiyana a Instagiram ɗari uku da ɗoriya, rabinsu dangi ne, kuma na san dariya ta kawo su.

Ana nan, wata ranar Talata wani mutum ya shigo yin kwafi. Ɗan gayu ne, da gilashi a goshi da jakar kyamara a kafaɗa. Ya ce sunansa Badaruddeen, yana da gidan hoto a Maraɗi. Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ce in zagayo in tsaya a haske. Ya ce da a Faris aka haife ni da yanzu ana faɗa a kaina, Allah ne kawai Ya ajiye zinariya a bakin boda tana cajin waya. Gwaggo, shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa kallon jikin nan ya faɗi magana mai daɗi, har da Inna, wadda kullum addu'arta Allah Ya sa in yi kumari. Ya ce in zo zai ɗauke ni kyauta, don shi mai son taimakon matasa ne. Ni kuwa na manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na ce wa Yaya Mahmudu zan je gaisuwar mutuwa a Farfaru, na hau mota sai Maraɗi. Gaskiya wurin ya haɗu, da fitilu masu lema da farin bango. Ya kawo kaya daga wani butik, kaftani da babbar riga da huluna, muka shafe awa uku. Ya koya mani inda zan ajiye hannu, da yadda zan daina zare ido kamar wanda aka kama da kayan sumoga. Can ƙarshe sai ya ɗauko wata tsohuwar riga wadda mutum uku irina za su shiga su yi hira. Ya ce in sa, in saki kafaɗu, in tsotse kumatu, in kalli ƙasa kamar wanda raƙuminsa ya ɓata. Ya ce wannan salon shi Turawa ke so, hoton tunani ne. Na yi tunanin kuwa, har na fi yadda ya nema.

Da muka gama ya miƙo takarda shafi biyu da Faransanci, ya ce ƙa'ida ce kawai, kowa na sa hannu. Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙirgen sefa ba. Na zaro biro na zuba sa hannun da na daɗe ina gwadawa don ranar da masoya za su fara nema. Ban karɓi kwafi ba. Na san abin da za ki ce, Yaya Mahmudu ya riga ki faɗa.

Bayan mako guda ya turo hotuna goma sha biyu. Wallahi Gwaggo sun yi kyau. Na zauna a bayan shago ina kallonsu, ban san sanda hawaye ya zo mani ba. Karo na farko ke nan na ga kaina ban ji kunya ba. Na ɗora su a Instagiram, sai ga saƙo daga wata Hajiya Salmatu mai gidan ɗinkin kayan maza a Katsina. Ta ce tana neman dogon yaro siriri da zai sa kayanta na Sallah, in zo da hotunana ta gan ni. Ranar ko abinci ban iya ci ba, abin da bai taimaki lamarin ba.

Mako shida bayan haka, ranar kasuwa da safe, na zo buɗe shago na ga mutane sun taru a tsallaken titi suna kallon wani abu, suna waiwayowa suna kallona. Akwai wani mai maganin gargajiya, Ɗantala, da ke kafa motarsa a wurin da lasifika. Ya rataya sabon allo na leda, faɗinsa ya kai ƙofar gareji. A sama an rubuta CIKA-RIGA, GARIN ƘIBA MAI ALBARKA. A hagu ga ni cikin rigar nan, kumatu a tsotse, ina neman raƙumina, a ƙarƙashina an rubuta KAFIN da Hausa da Faransanci, don kada baƙi su ce ba a yi da su ba. A dama ga wani ƙato mai wuya uku yana dariya, an rubuta BAYAN. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, amma har akwai masu rantsuwa cewa hancinmu ɗaya.

Da a allon abin ya tsaya da da sauƙi. Ɗantala ya tsara mani tarihi a lasifika. Wai 'yan mata uku sun ƙi ni saboda rama. Wai da igiya nake ɗaure wando. Wai iska ta taɓa ɗaukata daga Riko ta ajiye ni a Ɗan Isa ba fasfo. Da wani direba ya ce masa ai ga yaron can a shago yana nan yadda yake, kin san abin da ya ce? Ya nuno ni da sandarsa ya ce, "Ku dube shi da kyau jama'a, wanga shi ne sakamakon wanda ya fara sha ya bari. Shi ya sa nike cewa ku ɗauki gwangwani uku." Ranar kafin azahar kayansa suka ƙare.

Yanzu Falwaya ta mutu, sunana Kafin. Direbobi su leƙo su ce Malam Kafin a yi mana kwafi biyu. Mutanen ƙetare Mushe Aban suke ce mani, wato Malam Kafin da Faransanci. Na je Ɗan Isa kai saƙo, jandarma ya dube ni ya fashe da dariya, ko kati bai tambaya ba. Wata tsohuwa da ban sani ba ta kawo mani fura har shago ta ce in daure in ci gaba da shan maganin, rai ya fi kunya. Inna ta ƙara mani malmala ɗaya a kwano, tana zaune a kaina sai na cinye. Shi kuwa Yaya Mahmudu cewa ya yi alhamdu lillahi, modal ɗin ta fara kawo riba, don mutanen da ke shigowa kallona kunya ke sa su ba da caji. Da ya gama zolayar ya zaunar da ni ya ce wasan ya isa, in goge shafin Instagiram ɗin nan in kama sana'a, zai buɗe mani nawa shagon a cikin gari. Na san don Allah ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Babbar damuwar ita ce Mutmainna, yarinyar da zan aura. An kai gaisuwa, bayan Sallah ake maganar sa rana. Mahaifinta dattijo ne mai magana ɗaya. Ya wuce ta Magama ya ga allon, ya tsaya ya saurari lasifikar har ƙarshe. Ya aiko wa kawuna cewa abu biyu ne, yana son a gaya masa wanne ne. In abin da ake faɗa gaskiya ne, to akwai ciwon da aka ɓoye masa. In kuma ƙarya ne, to na haɗa baki da mai magani ana cutar bayin Allah. Ya ce bai ga wanda zai ba ɗiyarsa a cikin biyun ba. Ita Mutmainna da ta fara ganin hoton dariya ta yi har da riƙe ciki, na ji sanyi. Da ta ji cewa a Maraɗi aka ɗauka, ranar da na ce mata ina Farfaru wurin gaisuwa, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ita har addu'a ta yi wa mamacin da babu shi. Yau kwana biyar in na kira sai ƙanwarta ta ɗauka ta ce tana wanki. Ban san gidansu na da kaya haka ba.

Na kira Badaruddeen. Ya ce in karanta sashe na huɗu na takardar, na ba shi izinin sayar da hotunan ga duk mai talla. Ya ce ai talla ita ce aikin modal, kamata ya yi in gode masa, wata biyu kacal ya mai da ni sananne a ƙasa biyu, wasu sai sun shekara goma. Daga nan in na kira layin ba ya shiga.

Na tsallaka wurin Ɗantala a fusace, sai ya tarbe ni da kujera da ruwan sanyi kamar surukinsa. Ya ce shi da kuɗinsa ya sayi hoto, bai san ma ɗan unguwa ba ne sai da aka rataya. Sannan ya kawo shawara. Zai ba ni Cika-Riga kyauta wata uku, ya riƙa biyana duk wata, in na cika a cire ƙaton nan a sa ni, in zama Kafin in zama Bayan, magana ta zama gaskiya kowa ya huta. Gwaggo, kada in yi maki ƙarya, wannan ne karo na farko da wani ya ce zai biya ni don fuskata. Na karɓi gwangwani ɗaya. Yana ƙarƙashin gadona, na buɗe na sansana, warinsa kamar an daka kuka da alli, ban dai sha ba.

Saura mako biyu in je wurin Hajiya Salmatu. An ce duk wata takan bi ta bodar nan zuwa Maraɗi sarin shadda, ke nan ko ta gani ko tana gab da gani. Wani lokaci in ji kamar in ɗauki reza in tsallaka in raba allon nan biyu. Wani lokaci in ce in sha garin, ko banza Inna ta yi farin ciki. Wani lokaci in ce in tattara in tafi Abuja inda ba wanda ya san ni, ko in bi maganar Yaya in manta da komai. Amma in na buɗe hotunan nan goma sha biyu sai in kasa gogewa. Shin wannan sana'a ce ko hauka nake? Me zan ce wa mahaifin Mutmainna? Ki faɗa mani gaskiya ko da ɗaci, na riga na saba da jin ta a lasifika.

Naki,
Dogo Mai Neman Mafita, daga Magama, Jibiya.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana Dogo.

Da farko ina taya ka murna. Mutane na kashe dukiya su ga fuskarsu a bakin titi lokacin zaɓe, kai ga taka a kan iyakar ƙasa biyu, da fassara. Na karanta wasiƙarka na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Da na zo wurin da ka zauna a bayan shago kana kallon hotunanka sai dariyar ta tsaya. Saboda wannan wurin zan ba ka amsa da gaske.

Ka tambaya ko sana'a ce ko hauka. Sana'a ce. Tela ya ɗinka riga, dole wani ya sa ta mai saye ya ga yadda take zama a jiki, kuma ba kowane jiki ke iya wannan ba. Ba abin kunya a ciki muddin suturar ta mutunci ce. Haukan a wurin yadda ka bi ta yake. Kai da ke wuni kana yi wa mutane kwafin takardunsu, kana liƙe musu da leda don kada ruwa ya taɓa, kai ne ka sa hannu a shafi biyu na yaren da ba ka ji, ka fito ko kwafi babu. A garin da kowane mutum na uku da ya shigo shagonku zai iya karanta maka ita kafin wayarsa ta cika. Badaruddeen ya cuce ka, wannan ba musu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar bangonka ita ce yunwar yabo. Mutum ya ambaci Faris sau ɗaya ka miƙa masa wuya.

Gwangwanin nan ka mayar wa mai shi yau, da hannunka, a gaban mutane. Ba ka san abin da ke ciki ba, ni ma ban sani ba, ina kuma shakkar ko Ɗantala ya sani. Ka tambayi duk ma'aikacin asibitin da ka yarda da shi abin da irin wannan garin ke yi wa jiki, zai gaya maka kumburi daban, ƙiba daban. Ka kuma yi lissafi da hankali: Hajiya dogon siriri take nema, kai kana shirin sayar da abu ɗaya da ya sa ta neme ka. Sannan ranar da ka karɓi albashin Ɗantala ka amsa wa surukinka tambayarsa da kanka, ka zaɓi ta biyu.

Rezar ma ka bar ta a wurin aski. Yau kai aka zalunta, kowa ya sani, har masu dariyar. Ka yaga allon mutum a gaban jami'an boda, kafin la'asar ka koma mai laifi, Ɗantala kuma ya samu sabon babi a lasifika. Abin yi shi ne ka aika a karɓo maka kwafin takardar nan daga Maraɗi ta hannun direban da ya san gidan hoton, a karanta maka ita kalma kalma. Daga nan ku ɗauki yayanka da shugaban 'yan kasuwar wurin ku zauna da Ɗantala. Ko da takarda ta halatta masa hoto, ban ga takardar da za ta halatta masa tsayawa yana nuna ka da sanda yana ƙaga maka ciwo da 'yan mata uku ba. Ku fara neman ya rufe bakinsa a kanka, sannan a sauke allon. Ku yi maganar cikin ladabi, ku kuma bari ya fahimci cewa in ta ƙi ci akwai lauya, akwai hukumar da ke duba magunguna. Masu irin sana'arsa suna son taro, amma ba irin wannan ba.

Mahaifin Mutmainna bai yi laifi ba. Uban da ya ga hoton mai neman 'yarsa a jikin motar magani bai yi tambaya ba, shi ne abin tsoro. Kada ka bar kawunka ya je shi kaɗai. Ka bi shi, ka durƙusa, ka ce Baba akwai ta uku: ba ni da ciwo, ban haɗa baki da kowa ba, wauta ce na tafka. Ka faɗi labarin yadda ka faɗa mini, har da rigar mutum uku. Ka ce a shirye kake a je asibitin da ya zaɓa a duba ka, tunda dama gwaji kafin aure ya zama al'ada. Dattawa na yafe wauta, abin da ba sa yafewa shi ne rainin hankali.

Ita kuwa yarinyar, ka lura ba allon ne ya ɓata mata rai ba. Ta yi dariyar allo, wadda ke nuna za ta iya zama da kai a cikin surutun gari, kuma irin wannan macen ba a samunta a kasuwa. Ƙaryar Farfaru ce ta kai ta wanki. Ka kashe mutumin da ba a haifa ba, ka sa ta yi masa addu'a. Ka je ka ba ta haƙuri a kan wannan kaɗai, ba tare da ka haɗa da labarin yadda kai ma aka cuce ka ba. Yayanka ma yana bin ka wannan haƙurin.

Yanzu ga sana'ar. Hoto ɗari huɗu ba kundi ba ne, tarkace ne. Mai ɗinki ba ta da lokacin ganinka a jikin tirela. Ka zaɓi takwas ko goma: fuska a fili, tsayuwa gaba da gefe, kaftani, babbar riga, a jikin bango marar ado da hasken safiya. Ka rubuta awonka a shafin farko, tsawo da kafaɗa da hannu da lambar takalmi. Hotunan Maraɗi kada ka dogara da su sai ka ji abin da takardar ta ce. Ka daina aron kayan angwaye. Ka je wurin telolin garinku biyu ko uku masu hannu, ka ce za ka sa ɗinkinsu a ɗauka, su samu hoton talla kai ka samu na kundi. Ku rubuta a takarda da Hausa: wane hoto, a ina za a sa shi, har zuwa yaushe. Injin kwafi dai ba sai ka yi haya ba. Suna a wannan harka ba yawan mabiya ba ne. Tela ne zai ce wa ɗan'uwansa yaron nan yana zuwa a kan lokaci, yana dawo da kaya ba tabon miya, ba ya kuma ɗaga hanci. Da haka ake hawa, a hankali.

Hajiya Salmatu kuwa ka riga allon isa wurinta. Ka tura mata hotonsa da kanka, da bayani layi uku da matakin da kake ɗauka. Tana iya cewa ba ta son fuskar da ke jikin maganin ƙiba a kan shaddarta, wannan haƙƙinta ne, kada ka ji haushi. Tana iya kuma ganin yaro mai faɗin gaskiya tun ba a tambaye shi ba. Ko wanne ya faru ya fi a ce ta tsaya a shinge ta ɗaga kai ta gan ka kana neman raƙumi.

Batun Abuja ka ajiye shi, can ma akwai masu kyamara da takardu, nasu ma da Turanci mai santsi. Shagon da yayanka ya yi maka tayi ka karɓa da hannu biyu. A ƙasar nan 'yan kaɗan ne tallan tufafi kaɗai ke ciyar da su, kuma mai abin yi shi ke iya cewa a'a in an kawo masa tayin banza. Sai dai ka roƙe shi ya bar maka shafinka. Shi yana da gaskiya cewa buri ba ya cika tukunya, kai ma kana da gaskiya cewa ba don tukunya kaɗai aka halicci mutum ba.

Sunan Kafin zai bi ka na ɗan lokaci. In ka yi fushi ya zauna, in ka amsa da murmushi ka miƙa musu kwafinsu zai gaji ya tafi, don bakin tasha ba ya daɗewa a kan mutum ɗaya. Jikinka kuma ba ka buƙatar mutumin Maraɗi ya ba ka izinin ganin kyansa. Wanda ka gani a hotunan nan goma sha biyu kai ne, fitila kawai aka kunna.

Ka tashi ka fara da gidan su Mutmainna, sauran duk suna iya jira zuwa gobe. Allah Ya sassauta zuciyar dattijon, Ya tsare ka daga sharrin masu daɗin baki, Ya sa albarka a shagon da kuma burin. Ka gaishe mini da Inna, ka kuma riƙa cinye tuwonta, wannan kam ba ya cutarwa.

Taku,
Gwaggo Luba.